Farar Takarda a Gilashin Motar Abu Majid

Na yi shekaru a Jidda ina tuƙa motar gidan Abu Majid kafin in nemi hutu na gaskiya. A unguwar Safa muke, ɗakina yana jikin get, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Da safe in kai yara makaranta, da hantsi in kai Madam kasuwa, da la'asar in koma ɗauko wanda ya tsaya ƙarin karatu. Duk sanda hutuna ya zagayo sai in ce wa maigida ya ba ni kuɗin tikitin in aika gida Tasawa, ni zan zauna. A ganina dabara nake yi.

Bayan ƙaramar salla ƙanwata Rabi ta turo mini saƙon murya. Ta ce, "Yaya Mutari, ga Inna za ta yi maka magana." Sai na ji muryar tsohuwa, a hankali kamar yadda ta saba.

"Mutari, likita ya ce idon nan ba ya komawa baya, gaba yake yi. Yanzu in mutum ya matso kusa ina gane fuskarsa. Ka zo in gan ka tun ina gani. Ba na son na waya, gilashin nan haske kawai yake watsa mini."

Ranar ko abinci ban iya ci ba. Washegari na tare Abu Majid, shi ne kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar, sunansa ne a kan iƙamata, takardar zamana. Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba. Ya ce da ma za su tafi hutun zafi ƙasar waje shi da iyali, in tafi a lokacin, in dawo kafin a buɗe makaranta. Ya yi mini bizar fita da dawowa, ya sayi tikiti, ya miƙo mini fasfona da hannunsa. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Amma ka ji, ya Mukhtar. Mukalafa ɗaya a kan motar nan kafin ranar, halas, shi ke nan, babu hutu."

Mukalafa ita ce tarar hanya. Direban da ya riga ni ya tara masa su tuli ya gudu, shi ya sa ko sunanta ba ya son ji. Na ce masa in sha Allahu. Tun da na zo ko jar fitilar hanya ban taɓa tsallakewa ba, me zai sa in fara yanzu?

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, Madam ta aike ni kai saƙo gidan yayarta. Da na sauke sai zuciyata ta ce, ga Balad nan kusa, ka leƙa ka yi wa Inna tsaraba. Ban nemi izini ba. Balad tsohon gari ne, lunguna ne da kasuwa, wurin ajiye mota kuwa sai wanda ya yi sa'a. Na zaga, na sake zagawa, aka kira la'asar ina cikin zagayen. Sai na hangi wani fili a bayan wani bene, an shafe shi da kwalta, sandar bakin ƙofa a ɗage, rumfar maigadi babu kowa. A garinmu in aka kira salla, duk inda ka samu sarari kusa da masallaci ka ajiye abin hawanka, babu mai ce maka don me. Na shiga da wannan tunanin. Akwai allo a jikin bango, na gan shi, amma Larabcina na allo ne da na baki, na ofis ba ya shiga kaina sai an karanta mini.

Na yi salla, na sayi koren mayafi, don Inna da kore sai Allah. Na dawo ina jin daɗina, sai ga farar takarda an maƙale a gilashin gaba. Siririya ce, irin wadda injin kanti yake fitarwa. Ga lambar mota, ga kuɗi, ga wani tambari mai zagaye, kuma a sama kalma ɗaya da ko a mafarki na san ta: mukalafa.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba, zan iya biya in ƙara ɗaure ciki. Yatsan Abu Majid na tuna.

Maigadin ya dawo daga salla, baƙo ne kamar ni, Larabcinsa ya fi nawa karyewa. Na ciro kuɗi na miƙa masa, ya ja da baya kamar na miƙo masa wuta. Shi ba ya karɓa, in je ofis. Ina ofis? Ya nuna gabas da haɓa. Washegari na saci jiki na je, na tarar an rufe, an liƙa takarda sun tashi. Na buga lambar da ke jikin takardar, wata murya ta inji ta yi ta ce mini in danna ɗaya in danna biyu har katina ya ƙare. Ka ji mutum yana yawo da kuɗi a hannu yana neman wanda zai ci shi tara.

Daga nan zama ya gagare ni. Ni da ma haka Allah ya yi ni, in abu yana cin raina ƙafata ba ta tsayawa. In wanke mota, in goge, in sake wankewa. In ciro takardar daga aljihu in duba, in mayar, in sake cirowa, sai ka ce rubutun zai sauya. Da na ji wayar maigida ta yi ƙara a falo sai in ce shi ke nan, saƙon ya iso masa.

Ranar Juma'a na tafi unguwar Nuzla. Can ne muke haɗuwa, direbobi da masu gadi da 'yan tireda, 'yan Nijar da 'yan Cadi, a tsakar gidan wata dattijuwa da muke kira Hala Maryam. Haihuwar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Duk Juma'a takan tuƙa tuwo da miyar kuka ta sayar mana, in ba ka da shi ta ce ka ci, wata rana ka kawo. Ban nuna mata takardar ba, kunya nake ji. Maza na ja gefe.

Kowa ya zama alƙali. Wani ya ce yaga ta ka zubar, ta 'yan kasuwa ce. Wani ya ce kul, yanzu komai a haɗe yake, kamfani yana dannawa hukuma ta gani. Na ce na sa an duba mini a waya babu komai a sunana. Sai Abakar, wani ɗan Cadi da ya fi mu daɗewa, ya girgiza kai.

"Ai ba ta fitowa da wuri. Sai ka kai kanta a filin jirgi, an auna kayanka, sannan su ce koma. Da idona na ga an dawo da wani ɗan Abeshe, ɗan ƙasarmu, da jakunkunansa da komai."

Ban tambaye shi wace irin tara ce ta ɗan Abeshen ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa a ƙasar nan kowa takarda ta taɓa saransa. Tun a gida ma, in jandarma ya rubuta maka abu ya buga hatimi, magana ta ƙare. Ban taɓa sanin akwai takarda mai tambari da ba hukuma a bayanta ba.

Abakar ne ya ce in je wurin Alhaji Sale. Mu'aƙƙibi ne, wato masu bin takardun mutane ofis-ofis. Na same shi a wani ɗan shago a Balad, ƙarƙashin tsohon bene mai tagogin katako, ga sanyin na'ura, ga turare. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi mutanen Tasawa ɗaya bayan ɗaya kamar can aka yanke masa cibiya. Ya duba takardar ya yi tsaki.

"Ɗan'uwa, Allah ya so ka da ka zo. Irin wannan ta fi ta murur sharri." Murur su ne 'yan sandan hanya. "Amma ƙaramin aiki ne. Kawo fasfo, akwai mutumina a ciki, zai wanke sunanka kafin ta hau. Jibi ka zo ka karɓa."

Na ce, "Alhaji, fasfo kuma? Tafiyata ta matso."

"To riƙe abinka. Ni taimako na ga zan yi." Ya turo mini takardar ya juya ga wayarsa.

Ni da kaina na roƙe shi ya karɓa. Na ba shi fasfo, na ba shi abin da ya yanka, har godiya na yi masa.

Jibi ta zo, ya ce mutumin bai shigo ofis ba. Gata, ya ce na'ura ta tsaya. Rana ta gaba na tarar da shagon a rufe da kwado. Mai sayar da turare na kusa ya ce ai Alhaji ya wuce Makka, duk shekara in aikin hajji ya gabato can yake komawa, harkar masaukin alhazai ta fi kawo masa. Na buga wayarsa har yatsana ya gaji. Sau ɗaya ya ɗauka, cikin hayaniya, ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, yana jakata," ya kashe.

Makka ba nisa, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba. Amma a wannan lokacin an rufe hanya, ba mai shiga sai da tasrihi, takardar izinin hajji ko ta aiki. In aka kama ka ba ita, korar ƙasa ce. Na je tashar motocin Makka na tsaya ina kallon masu shiga, na dawo. Na sake zuwa. Wani direba ya ce zai bi da ni ta hanyar duwatsu, na sa ƙafa ɗaya a motarsa, na tuna in aka kama ni ba Tasawa za a kai ni kai tsaye ba, gidan tsare baƙi ne sai yadda hali ya yi. Na janye ƙafata.

Ni na kai su Abu Majid filin jirgi. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaida Hajiya, in kulle gida da kyau in zan fita. Na ce to. Na kasa faɗa masa maganar fasfon. Ranar da jirgina ya tashi ina zaune a kan jakata a ɗakin get, da koren mayafi a ciki. Na kira Rabi na ce an ɗaga tafiyar, matsalar takarda ce.

Ta ce, "Yaya, jiya ta zuba ruwa a gefen kofi. Ta ce wai kofin ne ya goce."

Gidan ya zama ba kowa sai ni da kyanwa. Ba yara, ba aike, ba abin da zai cinye mini yini. In fita in bi titin Safa har ƙarshensa in dawo, zufa ta jiƙe ni sharkaf. In shiga babban kanti don sanyi, in zaga ban sayi komai ba, har mai gadi ya fara bina da ido. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya, wadda na danne shekara da shekaru. Ƙamshin fura da nono nake ji a inda babu su. Na yi kuka a wannan ɗakin, ba sau ɗaya ba.

Juma'ar da ta biyo na je Nuzla don kada in haukace. Hala Maryam ta ajiye mini tuwo, ta dawo ta tarar ban taɓa ba. Ta tsaya a kaina.

"Ya waladi, kai ba ka ce ka tafi wurin uwarka ba? Me kake yi a nan?"

Na fara kame-kame. Ta ce in taso. Ta shigar da ni falonta, inda ba ta shigar da masu cin tuwo, ta zaunar da ni, na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ƙwala wa 'yarta kira. Nuha sunanta, tana aiki a ofishin wasu lauyoyi, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci. Ta karɓi takardar, ta karanta gaba da baya, ta ɗago ta dube ni.

"Ya ammi, wa ya ce maka wannan na hukuma ne?"

Na ce ga tambari, ga mukalafa a rubuce.

"Tambarin sharika ne, kamfani. Kowa yana iya yin tambari. Wannan fili na mai bene ne. Ka shiga wurinsa, sah, gaskiya ne, yana iya cewa ka biya. In ba ka biya ba, sai ya kai ƙara, alƙali ya duba ko yana da haƙƙi. Kuma mai mota zai nema, lambar mota ya rubuta, bai san sunanka ba. Amma shi da kansa ya tsare ka a matar, a filin jirgi?" Ta girgiza kai. "Ba shi da wannan ikon. Ta murur daban, ita ce take hawa kan iƙama. Wuraren da baladiya, hukumar gari, ta sa a karɓi kuɗi su ma daban. Wannan ba ko ɗaya ba ce."

Na ce, "To da na je filin jirgi fa?"

"Da ka wuce."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na zauna, na sake miƙewa. Hala Maryam ta ce wa 'yar wani abu da Larabci da sauri, Nuha ta fita. Sannan ta juyo kaina, ba ta rage murya ba.

"Kullum kuna nan tsakar gidana kuna cin tuwo kuna ba juna tsoro. Ka tambayi Abakar, ka tambayi Sale, ni da nake kawo maka miya ba ka tambaye ni ba. Don ni mace ce ko don tsohuwa ce?"

Ta ɗauki waya ta kira ɗanta Usama, yana tuƙa bas ɗin alhazai, yana da tasrihi. Ta kwatanta masa Alhaji Sale, ashe ta san shi, ta san har gidan da yake sauka a Makka. Ta ce ya gaya masa Maryam ce ta aiko, in bai ba da fasfon ba ita za ta zo da kanta. Bayan an sauko daga Arfa Usama ya kawo mini fasfona a cikin ledar burodi. Ya ce a ƙasan jaka ya same shi tare da na wasu mutane, ko buɗe shi ba a yi ba.

A ranar na kira Abu Majid na faɗa masa duka, har zuwana Balad ba izini. Na riƙe wayar nesa da kunne ina jiran tsawa. Tsawar ta zo, amma ba a kan abin da na zata ba.

"Takardar mawaƙif? Ta filin ajiye mota? Ya Mukhtar, irinta nawa na tarar a gilashina! Wadda ta dace in biya, wadda ba ta dace ba in kira su mu yi magana. Ni murur na ce maka. Kai ba ka da baki ne?"

Ya yi ta faɗa har ya gaji. Tikiti ya ƙone, lokacin alhazai ne kujera ta yi tsada kuma babu ita, kafin a samu sun dawo an buɗe makaranta. Ya ce ba zai iya rasa direba a farkon zango ba, in jira hutun tsakiyar shekara. Ya cika alkawari, shi ya sake sayen tikitin, ban isa in ce ya zalunce ni ba.

Watannin nan ban san yadda na tuƙa mota lafiya ba. Saƙonnin Rabi suna zuwa, ina jin tsoron buɗewa, ina jin tsoron bari. Inna ta daina tsince tsakuwa a shinkafa. Inna ta daina zuwa gidan suna ita kaɗai. An ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida. Ita kuwa in ta karɓi wayar ba ta taɓa cewa na makara ba, sai dai ta ce, "Ana sanyi can? Kana cin abinci?"

Ranar tafiya na isa filin jirgi tun ba a buɗe kanta ba. Takardar tana aljihun gaban rigata, na kasa yar da ita, ban san dalili ba. Duk da abin da Nuha ta faɗa, da na miƙa fasfo sai da na dafe aljihun. Jami'in ya duba na'ura, ya dube ni, ya buga hatimi, ya ce, "Yalla." Ko minti ɗaya ban yi a gabansa ba.

Da hantsi na shiga gidanmu. Rabi ta rungume ni tana kuka, yaran da ban sani ba suka kewaye jakata. Inna tana zaune a kan tabarma cikin ɗaki, ta juyo da kunnenta wajen ƙofa. Na yi sallama zan durƙusa, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan bakin ƙofa, inda hasken yake."

Na tsaya. Ta daɗe tana kallon wajen da nake, tana karkata kai.

"Ina ganin tsawonka," ta ce. "Shigo."

Na durƙusa a gabanta, na sa mata mayafin a cinya. Ta shafa shi, ta ce yana da laushi, ta tambaye ni wane launi ne. Na ce kore. Ta ce madalla. Sannan ta ce Rabi ta gaya mata wai takarda ce ta tsare ni, tana so ta ji wace irin takarda ce. Na ciro ta na sa mata a tafin hannu. Ta murza ta tsakanin yatsu biyu.

"Wannan 'yar? Karanta mini abin da ta ce."

Na karɓa na buɗe. Zafin Jidda da zufar aljihu sun cinye tawadar. Babu lambar mota, babu tambari, babu mukalafa, fara fat.

Na ce, "Inna, ba komai a jiki. Ya goge."

Sai ta laluba ta kamo kaina da hannu biyu, ta jawo ni kusa har ina jin numfashinta. Ta bi goshina da yatsa, ta sauko kan hanci, ta tsaya a gemu.

"Rabi ta ce ka yi furfura," ta ce. "Ta wane gefe take?"

Na kama yatsanta na kai shi wurin.